Kotu ta ba shi yara, shi kuma ya kama hanyar Wagadugu

Tambaya: Anti, salamu alaikum. Ni tela ce a Aboabo, nan Kumasi. Da aurena ya mutu a 2021, kotun iyali ta ba uban yarana riƙonsu su biyu, don lokacin ina raɓe a ɗakin yayata, ba sana'a. Yanzu ya kama tuƙin tirela zuwa Wagadugu, sai ya yi wata bai kwana gida ba, yaran na hannun amaryarsa. Babbar, mai shekara 11, da idona na gan ta a kasuwar Kejetia ranar Talata da hantsi, da robar fiya wata a ka, 'yan ajinsu suna makaranta. Ƙaramin kuwa makero ya cinye masa kai. Yau ina da shago da ɗakin haya. Yayyena maza sun ce in sun zo mini hutu in riƙe su kawai. In yi?
Wata uwa, Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki yi. Hukuncin nan yana nan daram har sai kotu ta sauya shi da kanta, kuma sashe na 46 na Dokar Yara ta Gana ta 1998, mai lamba 560, ya hana ɗauke yaro daga hannun wanda doka ta ba riƙo. Ranar da kika hana su komawa, kin ba lauyansa abin faɗa, maganar tallar ruwa ta sha ruwa, ke za a koma tuhuma.

Ki ɗauki takardar hukuncin ki koma kotun da ta yanke shi, ki gaya wa magatakarda kina neman a sauya umarnin riƙo. In kuɗin lauya ya gagara, hukumar Legal Aid tana da ofis a Kumasi, don irinku aka kafa ta.

Ga inda mata da yawa ke tuntuɓe. Sukan shiga da tarihin zaman aure, da baƙar maganar uwar miji, da halin amarya. Alƙali da masu zama tare da shi, ciki har da jami'in jin daɗin jama'a, ba wannan suka zo ji ba. Sashe na 45 ya ce maslahar yaro ce gaba da komai. Ana duba shekarunsa, da muhimmancin ƙaramin yaro ya zauna da uwarsa, da kada a raba 'yan'uwa, da kuma ɗorewar renon da ya saba. Wannan na ƙarshe ba ya bayanki, don yaran sun daɗe can. Sai kin nuna abin da ya lalace a rayuwarsu tun bayan hukuncin. Ki je wurin hedimasta ya rubuta miki kwanakin da yarinyar ta yi fashi. Ki kai yaron asibiti ran da ya zo, ki adana katin. Ki haɗa da rasidin hayarki da sunan makarantar da za ki sa su. Jami'in zai iya zuwa gidajen biyu ya rubuta rahoto, har inda za su kwanta sai ya leƙa.

Kada ki kitsa wa yarinyar abin da za ta faɗa. Dokar tana sauraron ra'ayin yaro ne idan nasa ne na kansa, kuma mutanen nan sun san muryar hadda.

Na san wani malami zai ce miki a Malikiyya ai uwa ce ta fi cancanta da reno. Haka ne, amma kotun da dokar Gana take aiki. In limami ko sarkin zango ya sasanta ku, madalla, ya ma fi sauƙi, sai dai a rubuta a kai wa kotu ta amince, don kada gobe uban yaran ya ce bai san zancen ba.

Cikin takardar neman sauya riƙon ki nemi kuɗin ci da na makaranta da na magani lokaci guda, don ciyarwa ba ta sauka daga wuyansa ko yaran sun dawo hannunki. Ki kuma rubuta ranakun da zai riƙa ɗaukarsu in ya sauka daga tafiya.