Kwanon yumɓu na hannu ko tangaran na kasuwa?

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. Wani matashi a Samaru ya nuna mini kwanuka da kofuna na yumɓu masu ƙyalli da ya gina da hannunsa, amma kuɗin kwano ɗaya ya kusa sayen saitin tangaran a kasuwar Sabon Gari. Ba tsada ba ce kawai? Kuma ana cin abinci a ciki? Daga wata uwa, Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Wani kaso na kuɗin da ya faɗa miki na wuta ne. Randa da tulu da muka gada ana gasa su ne a fili da kara da ciyawa, zafin bai cika wuce digiri 900 ba, shi ya sa randa ke tsatsafo har ruwa ya yi sanyi. Irin kwanon da kika gani kuwa, idan na kirki ne, sai an rufe shi a tanda ya sha zafin da ya haura digiri 1,200, kuma galibi sau biyu ake gasa shi: gashin farko, sannan a tsoma shi a ruwan ƙyalli a mayar. Ki lissafa gas ko itacen da hakan ke ci, da waɗanda ke fashewa a tanda ba a sayar ba.

Sana'ar ma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Wannan salo ya kafu ne a cibiyar da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a Suleja a farkon shekarun 1950, lokacin ana ce wa garin Abuja. Can Ladi Kwali ta shiga a 1954, matar da ke bayan takardar naira 20, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1977. Har yau ana koyar da aikin a jami'ar, nan Samaru.

Sai dai ba duk mai ƙyalli ne aka gasa da kyau ba. Ki ɗora kwanon a tafin hannu ki ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Wanda ya gasu zai yi ƙara siririya kamar ƙararrawa, wanda bai gasu ba ko mai ɓoyayyen tsagu zai ce ƙwas. Ki kifa shi, ki ɗiga ruwa a gindin da ba a shafa wa ƙyalli ba. In ya shanye nan take, wannan na ado ne. Ki duba cikinsa a rana: in kin ga tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, mai da miya za su maƙale a ciki. Sannan ki tambaye shi kai tsaye ko akwai dalma a ruwan ƙyallinsa, don abu mai tsami kamar zoɓo ko kunun tsamiya na iya jawo ta cikin abinci. Wanda ya san aikinsa ba zai yi inda-inda ba.

Da ni ce, tangaran zan saya na yau da kullum, don gidan amarya ba ya rabo da baƙi da yara. Na hannu in ɗauki biyu ko uku: babban kwanon tuwo mai murfi da kaskon turaren wuta. Kuma kada a ɗora su a kan risho, tsagewa za su yi.

Tambaya: Ina son sassaƙen yumɓu na ado a falo, amma maigida ba ya son mutum-mutumi. Daga Gyallesu.

Amsa: 'Yar'uwa, ba sai kun yi gardama ba. Akwai masu gina dogayen tuluna da faifan bango masu zanen dagi ko rubutun Larabci, babu siffar mai rai ko ɗaya. Ki zaɓi mai faɗin gindi wanda ba ya rawa in an taɓa teburin, ki kuma ce maginin ya kawo miki har gida da kansa, kada ki ba ɗan acaɓa.