Safari da safara: 'yan gida ɗaya ne?

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya: "Malam, kalmar safari da Turawa ke yi wa yawon kallon namun daji, tana da dangantaka da safara tamu, ko kamar sauti ce kawai?"

Suna da dangantaka, kuma ta jini. Uwarsu ɗaya, kalmar Larabci safar, wato tafiya, wadda daga gare ta aka sami musafir, matafiyin da shari'a ta yarje wa yin ƙasaru. Kada a haɗa ta da watan Safar: shi da harafin sad ake rubuta shi, ita kuwa da sin.

Turanci bai karɓo ta kai tsaye daga Larabawa ba. Ta gabar tekun Afirka ta Gabas ta bi, inda masu jin Suwahili suka daɗe suna hulɗa da 'yan kasuwar Oman da Yaman. A wurinsu safari kowace irin tafiya ce, ko zuwa ƙauye gaida kaka. Baturen Ingila Richard Burton, wanda ya taso da ayari daga Zanzibar a 1857 ya isa tafkin Tanganyika a 1858, yana cikin na farko da suka sa ta a rubutun Turanci. Daga nan sai ma'anarta ta tsuke, ta zama fita farautar zaki da giwa, musamman bayan farautar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je Kenya a 1909. Yau kyamara ta maye gurbin bindiga, har kamfanin Apple ya raɗa wa manhajarsa ta shiga intanet sunan a 2003.

Tamu kuwa hanyar kasuwa ta bi. Safara a bakin mutanen da sana'a ce ta mutunci: a saro kaya nan, a kai can, kamar yadda fatake ke zuwa Gwanja ɗauko goro. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda labaran rediyo suka shafa mata baƙin jini. Safarar mutane, safarar makamai, safarar miyagun ƙwayoyi, kullum ke nan. Ka ce wa yaron yanzu kakansa ɗan safara ne, sai ya zaro ido, alhali fatauci da jakuna tsohon ke yi.