Na ce musu "butaniku to osake", sai ga miyar mirin a gabana

Tambaya:
Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Fukuoka, wata na biyar kenan ina koyon Japananci. Matsalata ita ce kawo misali. Kalma ɗaya na sani, tatoeba, ita nake jefawa ko'ina. Ran nan a gidan cin abinci na ce wa mai kawo abinci "butaniku to osake wa dame desu", wato ba na cin naman alade ba na shan giya, ya ce to, sai ga kifi ya zo da miyar da aka sa mirin a ciki, wato ruwan nan mai zaƙi na shinkafa da suke girki da shi. Ina kuskurena yake dan Allah?

Amsa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh gaskiya tatoeba ba ta da laifi, laifin na ɗan ƙaramin "to" ɗin nan ne da kika sa tsakanin butaniku da osake. Shi "to" a Japananci kulle lissafi yake yi, kin ce abu biyu ne kawai, shikenan babu na uku. Mutumin ya ji naman alade da giya, ya duba kifinsa ya ga babu alade, kuma osake a kunnensa abin sha ne a kofi, ba abin da ake zubawa a tukunya ba, alhali asalin mirin ɗin da suke kira hon-mirin akwai barasa kusan kashi 14 cikin 100 a ciki. Bai cuce ki ba, abin da kika faɗa ya yi aiki da shi.

Abin da kike buƙata shi ne "ya" da "nado". Mu Hausawa muna da irinsa ai, in na ce "na sayo su tumatir da albasa da sauransu" kin san ban gama lissafi ba. To "ya" shi ne wannan "su" ɗin, "nado" kuma "da sauransu". Sai ki ce: butaniku ya osake nado wa dame desu. Daga nan ne tatoeba za ta yi aikinta, ki biyo da ita ki ƙara buɗe masa ido: tatoeba, mirin ya zerachin ga haitte iru mono mo taberaremasen, misali abin da ke ɗauke da su mirin da jelatin ma ba na iya ci (jelatin sinadarin daskarar da abinci ne da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade). Ki haddace wannan jimlar tsaf wallahi, musamman ke da kike garin tonkotsu ramen, wanda romonsa kacokan na ƙashin alade ne ko da ba ki ga tsokar nama a kwano ba.

Cikin ƙawaye kuwa ba za ki cika jin "ya" ba, "toka" suke cewa: raamen toka gyouza toka, muri, su ramen su gyoza ba zan iya ba. Yana da daɗin baki kuma yana shiga bayan suna da bayan aikatau duka, saɓanin "ya" da suna kawai yake haɗawa. Amma ki rage shi gaban malaminki na jami'a ko wurin intabiyu, don su kansu Japanawa manya suna yi wa matasa tsiya kan yawan toka toka ɗin nan, har suna suka ba shi, toka-ben.

In ayyuka kike lissafawa ba abubuwa ba, nan "tari" ke shigowa. Ki ɗauki aikatau a siffar shuɗaɗɗen lokaci ki liƙa masa "ri", ki rufe da suru. Nichiyoubi wa sentaku shitari, kazoku ni denwa shitari shimasu, ranar Lahadi nakan yi su wanki, kiran 'yan gida da makamantansu. Inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe shi ne mantawa da shimasu ɗin ƙarshe, sai jimlar ta tsaya a rataye.

Wanda ni na fi so kuma shi ne na kamantawa, saboda ba makawa sai an tambaye ki me kuke ci a ƙasarku. Kar ki wahalar da kanki da bayanin ƙuli-ƙuli da yaji, ki ce tsire wa yakitori no you na ryouri desu, abinci ne irin yakitori, wato gasasshen naman kazarsu na tsinke, nan take za ki ga sun gyaɗa kai. Tuwon shinkafa kuma mochi mitai na tabemono, abinci kamar mochi, wato curin dakakkiyar shinkafarsu, duk da tuwonmu bai kai mochi danƙo ba amma sun samu hoton. Ki lura "you na" sai da "no" a gabansa, "mitai na" kuwa kai tsaye yake bin suna kuma ya fi zama na hira.

Akwai "nanka" da za ki riƙa ji, shi ma misali yake kawowa amma wani sa'in da ɗan raini a ciki, in kika ce nattou nanka (natto waken soya ne da aka tsima) game da abincin da mai masaukinki ta ba ki tana iya ji kamar kin ce "wani wai natto can". Ki bar shi tukuna sai kunnenki ya nuna. Haka kar ki haɗa tatoeba da tatoe, shi tatoe "ko da" yake nufi: tatoe ame ga futte mo ikimasu, ko da an yi ruwa zan je.

Ranar da za ki gabatar da bincikenki a aji sai ki ɗauko na manya, rei o ageru to, wato in zan ba da misali, ko kuma Toukyou ya Oosaka to itta daitoshi, manyan birane irin su Tokyo da Osaka. In kuma wani ne ke magana a dunƙule ba ki gane ba, ki ɗaga murya kaɗan ki ce "tatoeba?" kawai, daidai yake da namu "kamar me?", shi zai kawo miki misalin da kansa.