Amsa ga Auta kan gidan hutun Kribi, a bakin tekun Kamaru

Assalamu alaikum 'yan gida. Inna, ina kwana, ya ƙarfin jiki? Kawu, barka da hantsi. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, hannuna na cikin aiki ne shi ya sa ban rubuta ba.

Auta, na ji saƙonki tun daren jiya. Kin ce kin ga wani gida a Facebook, a Grand Batanga can kudu da Kribi, ɗaki 6, a bakin ruwa, zai ɗauke mu mu 22 idan yara sun samu hutu, kuma mutumin ya ce a tura masa rabin kuɗin ta waya kafin Juma'a, in ba haka ba zai ba wasu. Kina tambaya a tura ko kar a tura. To, kar a tura. Ko dala kar ta fita daga kuɗin karo-karon nan sai ƙafar wani namu ta taka gidan.

Ba wai na ce mutumin macuci ba ne, Allah Ya tsare ni da zato. Ko mu da muka je shekara 2 da suka wuce da dangin maigidana, mu 14, gidan da aka nuna mana a hoto shi muka tarar. Fentin nan, barandar nan, bishiyoyin kwakwar nan, duk suna nan. Abin da hoto bai nuna mana ba shi ne ruwa. Gidan na da rijiyar burtsatse, amma injin da ke tura ruwa sama da wuta yake aiki, tankin kuma ɗan ƙarami ne. Daren farko aka ɗauke wuta. Da asuba surukata ta fito da buta, ta murɗa famfo, sai iska. Ki duba mutum 14, kowa zai yi alwala sau biyar, yara sun dawo daga teku jikinsu duk gishiri da yashi, ga wanke-wanke, ga ban ɗaki. Kwana biyu samari na jidar ruwa da jarkoki daga wata rijiya a maƙwabta. Janareton da aka ce akwai, da muka je bayan gida muka gan shi, tsatsa ta cinye shi, ko tari bai yi ba. Iskar gishirin nan ba ta barin ƙarfe, har makullin ƙofar gaba sai da aka ɗiga masa mai kafin ya juya.

Saboda haka ni shawarata, Yayanmu na Duwala ya daure ya je ranar Asabar. Daga Duwala ta Edeya tafiyar kamar awa 3 ce, zai iya zuwa ya dawo a yini guda. Yaya, in ka je don Allah kar ka tsaya a falo ana nuna maka teku ta taga. Ka shiga kowane ban ɗaki ka buɗe famfo da hannunka. Ka ce a tayar da janareto a gabanka, a kunna injin ruwa da firji a kansa ka gani ko zai ɗauka. Ka ɗaga katifa ka sansana, domin danshin wurin nan yana sa hunhuna, kuma ka san ƙirjin Inna. Ka ƙirga gadajen da kanka, sau da yawa ɗakin da ake ce wa na shida ɗakin ajiya ne aka jefa wa katifa. Sannan ka tambayi mai gadi ko maƙwabta wane ne mai gidan, don wanda ke magana da Auta wataƙila dillali ne, dillalin ma na biyu ko na uku, kowa da la'adarsa a kai.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, kuma iyayen yara ku saurara da kyau. Auta, kin yi ta murna wai daga baranda taku goma ne zuwa ruwa. Ni wannan ne ya hana ni barci. Yaranmu na Ngawundere da Garwa ba su taɓa ganin teku ba, abin da suka sani kogi ne da tafki. Teku ba haka yake ba. Ɗana na biyu, lokacin yana da shekara 7, yana tsaye ruwa iya gwiwarsa, ina kallonsa, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Igiyar ruwa ta zo ta wuce, da za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya faɗi ta baya, ruwan ya fara jansa. Wani masunci da ke gyaran komarsa a gefe shi ya yi tsalle ya cafko rigarsa. Har yau in na tuna yadda yaron ya riƙe wuyana yana amayar da ruwan gishiri, jikina rawa yake. Mutumin nan ya nuna mana da hannu inda 'ya'yansu ke wanka da inda ba sa kusanta, ni kuwa a idona duk ruwa ɗaya ne. Don haka gidan da zan yarda da shi sai mai katanga da ƙofa mai kulluwa ta ɓangaren teku, makulli a hannun babba. In ya ɗan ja baya daga ruwa ma ya fi mini, kuma kuɗinsa zai fi sauƙi. Yaya, in da hali ka leƙa Lonji, ƙauyen masuntan nan da ke arewa da Kribi kafin a shiga gari. Mun yi yini a can, na ga ruwan ya fi kwanciya.

Katangar nan tana da wani amfanin. Mu mata muna son mu sha iska a tsakar gida ba tare da duk mai wucewa a bakin ruwa yana kallonmu ba. A duba kuma ko akwai mashaya kusa, don ƙarshen mako mutanen Yawunde da Duwala na cika wurin, kiɗa har asuba. A ba Inna ɗakin ƙasa mai ban ɗaki a ciki. Alƙibla ba wuya, teku na yamma, ka ba shi baya ka ɗan karkata hagu.

Abinci kuwa, kifi ba za ku nema ku rasa ba. A cikin gari akwai wurin da masunta ke sauke kifi, kusa da inda kogin Kienke ya shiga teku, ki zaɓa da kanki a gasa miki a kan garwashi, a haɗa miki da agada ko curin rogon nan da ake naɗewa a ganye. Jatan landen Kribi kuma sunansa ya kai ko'ina, kuma a mazhabarmu abin teku halas ne. Nama ne sai an kula. Akwai 'yan uwanmu Musulmi mahauta a gari, wurinsu za a saya, ko mu taho da kilishi da soyayye daga gida. Shinkafa, gero, man gyaɗa, yaji, daddawa da kuka duk mu ɗauko a Yawunde. Manyan tukwane ma mu zo da namu, na gidajen hayar nan ba sa dafa wa mutum 22. Gidan sauro kowa ya zo da nasa, wannan ba wasa.

Lokaci ma a duba. Satumba da Oktoba ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya. Disamba zuwa Fabrairu an fi samun rana, amma ƙarshen shekara gari na cika, haya na tashi. Haka ranar 9 ga Mayu, bikin Mayi na mutanen Batanga, na tunawa da dawowarsu gida a 1916 bayan an kwashe su lokacin yaƙin duniya na farko. Ni Yuli nake gani, yara na hutu, ruwan sama kuma kan ɗan lafa. Mutanen arewa ku biyo jirgin ƙasan dare daga Ngawundere, ku kwana ɗaya a wurina a unguwar Brikiteri ta Yawunde, washegari mu kama hanya da sassafe. Ba na son tafiyar dare a hanyar Edeya, tun da tashar jiragen ruwan Kribi ta fara aiki a 2018 manyan motoci sun yi yawa.

Ina son tafiyar nan ta yiwu, Allah Ya sani. Ina son Inna ta ga Lobe, kusan kilomita 7 kudu da gari, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Surukata da ta gani tsayawa ta yi tana ta tasbihi, hawaye na zuba.

In Yaya ya gani ya gamsu, sai a ba da kafin alƙalami hannu da hannu, a rubuta takarda: ranar shiga, ranar fita, yawanmu har da yara, wa zai sayi man janareto da gas, da kuɗin ajiyar da za a mayar mana in ba mu fasa komai ba. A ɗauki hoton katin shaidar mai karɓa. Ragowar kuɗin sai mun shiga mun ga ruwa na zuba. Auta, ki ce wa mutumin wakilinmu na zuwa Asabar, ki turo wa Yaya lambarsa yanzu. Kawu, in akwai gyara a maganata a gyara mini. Sai na ji ku, wassalamu alaikum.