Shin Haƙori Ne Ke Sa Ɗana Gudawa?

Tambaya: Likita, ɗana mai wata tara yana gudawa tun shekaranjiya, surukata kuwa ta ce haƙori ne. In ƙyale shi?

Amsa: Malama, haƙori ba ya kawo gudawa, yaro mai rarrafe ne ke kai duk abin da ya tsinta baki, wannan ne ke iya sa shi gudawa. Ki ci gaba da shayar da shi, ki jiƙa garin ORS (haɗin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki) daidai da ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshinsa kina ba shi da cokali, tare da ƙwayar zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. Idan idanunsa suka zurma, maɗigarsa ta faɗa, ya ƙi nono, ko kika ga jini a kashinsa, ki garzaya da shi asibiti.