Allon ƙofar tsohuwar mota: in sayo daga Turai ko in yanka da hannuna?

Wani ɗan'uwa mai ɗinkin kujerun mota a Garwa ta Kamaru ya aiko mini da tambaya. Ya ce cikin wata biyu mutum uku suka kawo masa tsofaffin motoci, Peugeot 504 guda biyu da Mercedes ɗaya, kowa yana son a sabunta masa allon cikin ƙofa, wato faifan nan mai lulluɓin leda da hannun murza gilashi yake jikinsa. Ya tara jaka 600, sefa 600,000 ke nan, kuma ya ga ana tallar sababbi daga Faransa a intanet. Yana tambaya ko ya zuba kuɗin ya yi odar su, ya ajiye a shago yana jiran masu saye.

Malam, Allah ya sa wa nemanka albarka. Shawarata ita ce kada ka sayo ka ajiye. Yanka da hannunka, ka ɗaura da hannunka, a nan kuɗin yake.

Mu fara da lissafi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Mu ƙaddara saitin ƙofa huɗu ya tsaya maka Yuro 300, kusan jaka 197 ke nan kayan suna can Faransa. Ɗora kuɗin jirgi, ɗora na duwan, wato kwastan, ɗora harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari, sannan ɗawainiyar hawowa daga Duwala zuwa Gaundare har Garwa, da kaya masu faɗi waɗanda lanƙwasa ɗaya take kashe su. Jarinka gaba ɗaya ba zai wuce saiti biyu ba. Idan launin da ka sayo ruwan ƙasa ne, mai mota ya zo yana son baƙi, kuɗinka ya kwanta, ƙurar hunturu tana hawa kansa.

Amma abin da ya fi tsada damuna shi ne dacewa. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, aka yi ta har 1983, kamfanin Peugeot na Kaduna da aka buɗe a 1975 kuma ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru masu yawa bayan Turawa sun bari. Akwai ƙarama, akwai doguwa ta iyali, akwai a-kori-kura. Wadda za a kawo maka yau ta sha hanyar Marwa da Kusiri shekara arba'in, mai buga jikin mota ya taɓa ƙofarta, wataƙila ma ƙofar ta wata motar ce aka ɗaura mata tun zamanin mahaifin mai ita. Allon da aka yanka a Turai bisa awon sabuwar mota yana iya zuwa, ramin maɓallin da yake riƙe shi a jikin ƙofa ya kauce da faɗin yatsa ɗaya. Faɗin yatsan nan ya isa ya hana shi zama. Wa za ka mayar wa kaya?

Kai kuwa ƙofar tana gabanka. Tsohon allon da ka cire, ko ya rube, shi ne ma'auninka. Shimfiɗa shi a kan kwali, ka zana gefensa da kowane rami, ka rubuta irin motar da ɓangaren ƙofar, ka rataye a bango. Na hagu da na dama juyin juna ne, amma ka gwada kowanne a jikin ƙarfe kafin ka yarda. Bayan mota goma za ka ga bangon shagonka ya cika da abin da babu mai shi a unguwarku, kuma ko sisi ba ka kashe a kansa ba. Ka riƙa zagayawa wajen masu sayar da kayan gawar mota, in ka ga tsohon allo da aka yasar ka karɓa da ɗan abin goro.

Ina so in daɗe kaɗan a kan ɗaurawa, don a nan ake samun suna, a nan kuma ake zubar da shi. Motar mahaifina 504 ce. Shekarun baya na kai ta wani shago aka yi mata allo sabo, na dawo gida ina ta shafa shi don kyau. Damina ɗaya ta wuce, sai ƙasan allon ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ledar ta saki baki, warin danshi ya cika motar. Da aka ɓalle shi muka ga babu shimfiɗar ledar da take tsakanin ƙarfe da allo, ramukan zubar ruwa na ƙasan ƙofa kuma taɓo ya toshe su. Ruwan sama yana bin gilashi ya gangara cikin ƙofa, haka aka ƙera ta. Ledar nan ce take kare allon, ramukan kuma su fitar da ruwan. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin aikin minti ashirin aka tsallake.

Saboda haka idan ka buɗe ƙofa, ka share ƙurar da ta taru, ka zura waya ka buɗe ramukan, ka duba tsatsa, ka manna sabuwar leda mai kauri kafin komai. Wajen cirewa kada yaronka ya finciko allo da ƙarfi. A kwance madogarar hannu da hannun gilashi tukuna, a naɗa tsumma a bakin sukudireba, a ɗaga kusa da kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin maɓallan roba sun gasu da rana, da yawa za su karye, don haka ka tanadi sababbi tun kafin ka fara. Katakon, izorel ne, wato faifan garin katako da aka matse, ko falawud marar kauri, ka shafe bayansa da fenti ko banish don kada ya sha danshi, kuma ka gwada shi tsirara a jikin ƙofa kafin ka sa soso da leda. Ka ɗaga gilashi ka sauke, ka ja hannun buɗewa, ka rufe ƙofar ka saurara. In ta yi ƙara, akwai saura.

Gam kuma kada ka yi masa rowa. Ka san zafin Garwa a Maris da Afrilu, ma'auni yana haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka kulle a rana. Gam mai araha narkewa yake yi, kuma araha ba ta ado. Fatar Marwa tana da kyau, wasu za su nema, sai dai ka gwada ƙyalle ɗaya a rana da ruwa ka ga ko rininta yana zuba kafin ka lulluɓe ƙofar mutum da ita.

Masu zuwa wurinka iri biyu ne, kada ka yi musu kuɗi ɗaya. Akwai direban da motar take ci da shi, yana son abu mai ƙarfi da sauƙin kuɗi, a gama yau ya koma tasha. Akwai kuma wanda yake riƙe da motar don ta mahaifinsa ce, sai ranar Salla ko ɗaurin aure take fita. Wannan ɗinki yake kallo, yana son layukan su fito yadda ya san su yana yaro, kuma zai biya. Shi za ka ba kwanakinka.

Kada ka yanke farashi sai ka buɗe ƙofa ɗaya a gaban mai mota. Abin da aka tarar a ciki, tsatsa ko injin gilashi da ya ci, kuɗinsa daban, a rubuta. Ka karɓi kafin alƙalami da zai ɗauki kuɗin kaya duka, hannu da hannu ko ta Orange Money, ladan aikinka kuma ranar karɓar mota. In wani ya dage sai na Turai, madalla: ya biya kuɗin odar gaba ɗaya, ka gaya masa gaskiyar maganar dacewa, kai ka ci kuɗin ɗaurawa.

Jaka 600 ɗin nan, ni da zan raba, ba zan taɓa fiye da 250 ba yanzu: zarto na lantarki, abin huda ramuka, abin harba ƙusa, maɓallai masu yawa, da katako da leda na mota biyu. In za ka sayo leda ta Yola ko Mubi, ka tambayi canjin naira a ranar, ba na makon jiya ba. Sauran kuɗin su zauna don haya da abincin yara a watan da aiki ya ja baya.

Cikin motoci ukun nan, fara da 504 ɗin da ƙofofinta suka fi lafiya. Ɗauki hoto kafin ka taɓa ta, ɗauki wani bayan ka gama, ka roƙi mai ita ya dawo da ita ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, ku buɗe ƙofa ɗaya tare ku duba bayan allon.