Ziyarar yankunan Ojibwe: yaushe, kuma ina za a nufa?

Ka tambaya ko baƙo zai iya ziyartar yankunan ƙabilar Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, da kuma lokacin da ya fi dacewa. Zai iya, sai dai kowace al'umma tana da gwamnatinta da dokokinta, don haka izinin shiga wuri ɗaya ba izinin shiga ko'ina ba ne.

A ganina, ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba ya fi, domin lokacin ne ake girbin shinkafar daji da suke kira manoomin, wadda ke tsirowa a tafkuna marasa zurfi. Mutum biyu ne ke shiga kwalekwale, ɗaya yana tura shi da doguwar sanda, ɗayan kuma yana lanƙwaso zangarniya da ɗan itace, ya kaɗe ta da wani, ƙwayar tana zubowa cikin jirgin, wadda ta faɗa ruwa kuwa ita ce irin baɗi. Kallo za ka yi, domin girbin yana da ƙa'idoji masu tsauri.

A jihar Wiskonsin, al'ummar Ojibwe ta Red Cliff ta buɗe gandun dajin Frog Bay a gaɓar tafkin Superior a 2012, kuma ita ke gudanar da shi. A Minesota akwai gidan tarihi na Mille Lacs, wanda ke nuna tarihin Ojibwe na yankin.

Idan ka halarci powwow, wato taron kiɗa da rawa, ka miƙe tsaye lokacin shigowar tutoci, kada ka taɓa gashin gaggafa na masu rawa, kuma ka nemi izini kafin ɗaukar hoto.